Mai Haɗa Kwamfuta Da Kuɗi Kaɗan, Ya Fara Da Wuta Da Iska

Shekarun baya, kayan aikin biro ba su wuce tebur da rajista da injin buga takarda ba. Yau kuwa, daga manyan ma'aikatun Yamai har zuwa na magadan gari a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, da wuya a shiga wurin aiki ba a tarar da kwamfuta ba, wadda ma'aikata suka fi kira ordinater. A cikinta ake ajiye takardun haihuwa, da lissafin ƙungiyoyin manoma, da jerin sunayen ɗaliban yaƙi da jahilci. Ita ce kuma jarin samarin da ke buga wa jama'a takardu a bakin kasuwa. Saboda haka zancen sayenta ya shafi malamin makarantar da ya yi watanni yana tara ragowar albashinsa, ya shafi ƙungiyar matan da ta yi karo-karo, ya kuma shafi shugaban ma'aikatar da aka danƙa wa kuɗin jama'a.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane sun gane cewa ana iya sayen kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya, a kai wa mai gyara ya haɗa su. Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai inda ake yin kuskure shi ne wajen raba kuɗin. Mafi yawan masu saye sukan zuba kusan duk abin da ke hannunsu a kan ƙwaƙwalwar na'urar, don a ce tana da gudu, sa'an nan su sayi akwatin wuta mafi araha da ragowar canji. A ƙasa mai zafi da ƙura da yawan ɗaukewar wuta irin Nijar, ya kamata a juya wannan lissafi. Abin da zai kare na'urar shi ya cancanci kuɗin farko, gudu ya biyo baya.

Yadda haɗawa ta samo asali

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar tebur wadda ya haɗa da kayan wasu kamfanoni: ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, tsarin da ke tafiyar da ita kuma na Microsoft. Ya kuma buga bayanin yadda aka ƙera ta, har wasu suka soma yin irinta. A 1995 kamfanin Intel ya fito da ƙa'idar da ake kira ATX, wadda ta tsayar da girman uwar allo, da wuraren ƙusoshinta, da irin soket ɗin da ke kawo mata wuta. Albarkacin wannan ƙa'ida ne yau mutum ke iya sayen akwati daga kamfani guda, uwar allo daga wani, akwatin wuta daga na uku, kuma duka su zauna daidai. Amfanin wannan ga mai ƙaramin ƙarfi a fili yake: duk ranar da abu ɗaya ya lalace, shi kaɗai za a sake.

Kayan da ake bukata ba su da yawa, kuma manomi ma zai gane aikinsu. Ƙwaƙwalwa, watau furosesa, ita ce mai aikin. Uwar allo, wadda masu gyara ke kira kart mer, ita ce filin gidan da kowa ke zaune a kansa. RAM kamar tabarmar da ake baza hatsi ce lokacin aiki: in tana da faɗi aiki ya yi sauri, amma da an kashe wuta sai a naɗe ta ba komai a kai. Ma'ajiya, ko dai tsohon faifai mai juyawa ko SSD, ita ce rumbu. Akwatin wuta, alimantasiyo, shi ke karɓar kuran na bango ya mai da shi ƙaramar wutar da sauran kayan ke sha. Sai akwatin da ke rufe su duka da fankokinsa, da ekaran, da kilabiye, da linzami.

Wuta ce farko

Sanin kowa ne cewa wutar lantarki a Nijar ba ta tsayawa yadda ake so. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da ake sha daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa. A watan Agusta na wannan shekara aka yanke ta, ba a maido ba sai a farkon 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta soma aiki a ƙarshen 2023, ta rage wahala, amma duk wanda ke aiki da na'ura ya san yadda wuta ke ɗaukewa ba sallama lokacin bazara, ta dawo da ƙarfi ko da rauni. Da damina kuma ga tsawa.

Duk wannan hargitsi a kan akwatin wuta yake fara sauka. Mai inganci yana da kariya a cikinsa: in wuta ta wuce kima sai ya kashe kansa, sauran kaya su tsira. Maras inganci kuwa, ranar da zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja uwar allo da ma'ajiya su tafi tare. Mutumin da ya yi tattalin jika goma a nan, yana iya wayar gari ya rasa kayan jika ɗari, ya kuma rasa aikin shekara biyu da ke cikin rumbun. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai alamar da za ta taimaki mai saye. Tun 2004 ake gwada akwatunan wuta ana ba su shaidar 80 Plus, wadda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da suka ja tana isa ga na'ura. Lissafin mai sauƙi ne: don ba na'ura wat 100, irin wannan akwati zai ja wat 125 daga bango. Wanda ingancinsa bai wuce kashi 65 ba zai ja wajen wat 154. Bambancin zafi yake zama a cikin akwati, kuma kwantar tana ƙirga shi a ƙarshen wata. Kada kuma manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali su ruɗi kowa. Kwamfutar biro wadda ba ta da katin hoto na dabam, da wuya ta sha wat 150. Akwatin wat 400 ko 450 na kamfanin da aka sani ya ishe ta, ya kuma fi wanda aka rubuta wa 700 alhali ba a san mai ƙera shi ba, an ɗauka an ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba kome ciki.

Wani abin lura shi ne, wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan maɓalli a baya, mai lamba 115 da 230. Wutar Nijar bolt 220 ce. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, kuma wanda ya jona su haka nan zai ji ƙara ya ga hayaƙi. A duba wannan maɓalli kafin a kai hannu ga bango.

Bayan akwatin wuta sai ondiler, watau na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Ƙananan da aka fi sayarwa, masu lamba 650 VA, yawanci batir guda gare su mai bolt 12. Ba za su ba mutum damar aiki na awowi ba, mintoci kaɗan ne, amma sun isa ya adana takardarsa ya kashe na'ura cikin natsuwa. A zaɓi wanda ke daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama. A kuma sani cewa zafi na cin batirin dalma: masu ƙera shi sun ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba kwanansa biyu. Ke nan a ƙasar Hausa sauya batirin ondiler abu ne da za a sa cikin lissafi tun ranar saye.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, kuma ba kowane biro ke da na'urar sanyaya ɗaki ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani, in zafinta ya kai digiri 95 zuwa 100, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Wanda ya sayi ƙwaƙwalwa mai tsada ya kulle ta cikin akwatin da iska ba ta ratsawa, ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba.

Maganin ba shi da tsada. A zaɓi ƙwaƙwalwar da ba ta wuce wat 65 ba. A nemi akwati mai raga a gaba, da fanka guda mai jawo iska, da wata a baya mai fitar da ita. Akwatunan gilashi masu fitilu launi-launi kyan ɗan maciji gare su: sun fi tsada, kuma da yawansu gabansu a toshe yake. Lokacin hunturu ƙura kan shiga ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwa, saboda haka a ɗora na'urar a kan tebur maimakon ƙasa, a rufe ta da zane in an kashe ta, a kuma kai ta a busa mata iska aƙalla sau biyu a shekara.

Kada suna ya ruɗi mai saye

A kasuwa akan ji mai kanti yana cewa: “Alhaji, wannan i7 ce, ba ta da na biyu.” Amma sunan i3 da i5 da i7 ba ya faɗin shekarun ƙwaƙwalwa. Lambar da ke biye da shi ita ke faɗi. Core i7-2600 ta fito a 2011, zuriya ta 2 ce, tana shan wat 95. Core i3-12100 ta fito a 2022, zuriya ta 12 ce, wat 60 aka rubuta mata, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba. Wanda bai san wannan ba zai sayi tsohon doki da kuɗin sabo, don kawai an yi masa kirari.

Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana. A wajen Intel, ƙwaƙwalwar da lambarta ta ƙare da F ba ta iya nuna hoto da kanta, dole a saya mata katin hoto. A wajen AMD, wadda ta ƙare da G, kamar Ryzen 5 5600G ta 2021, tana ɗauke da nata. Ga mai buga takardu da lissafi da shiga intanet, wannan ya wadatar. Katin hoto na dabam kayan masu haɗa finafinai ne da masu zanen gine-gine da masu wasanni. Shi kaɗai yana iya cinye rabin kuɗin, ya kuma ninka wutar da ake sha. Na'ura mai shan wat 100, in ta yi awa 8 a rana har kwana 26, ta ci kusan kilowat-awa 21. Mai shan wat 300 kuwa ta wuce kilowat-awa 62.

Ita uwar allo, sharaɗinta shi ne ta dace da ƙwaƙwalwa, don kowace iri da gurbinta. Gurbin AM4 na AMD ya fito a 2016, yana aiki da RAM irin DDR4. AM5 da ya gaje shi a 2022 ba ya karɓar kome sai DDR5. Gurbin LGA1700 na Intel, na 2021, akwai allunansa masu DDR4, akwai masu DDR5, kuma ba a sa wannan a ramin wancan. Don haka ƙwaƙwalwa da uwar allo da RAM a rana ɗaya ya kamata a saye su, a wuri ɗaya, a kuma kunna su a gaban mai kanti. Ga mai ƙaramin ƙarfi, zuriyar da ta gabaci ta yayi ta fi dacewa: farashinta ya sauka, masu gyara sun san ta, kayanta kuma suna samuwa.

Tabarma da rumbu

Giga 8 na RAM shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi aikin biro da shi ba tare da ɓacin rai ba, giga 16 kuma ya fi kwanciyar hankali. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi sanda guda gudu, don ƙwaƙwalwa na ɗiba daga duka biyun lokaci ɗaya. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin na'urori masu kwaikwayon basirar ɗan Adam sun kwashe kayan. A irin wannan hali dabara ita ce a sayi uwar allo mai ramuka huɗu, a cika biyu, a bar biyu sai hali ya samu.

A wajen ma'ajiya kuwa babu wata jayayya. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta mega 100 zuwa 200 a daƙiƙa, kuma yana da allura mai motsi wadda girgiza kan lalata. SSD na talaka yana kai wa mega 550, irin NVMe kuma yana wuce 3000. Babu wani kaya guda da ke sauya halin kwamfuta kamarsa. SSD mai giga 500 ya fi faifai mai giga 1000 amfani ga mai aikin takardu. Sai dai yakan mutu ba tare da ya yi ciwo ba, kuma jabunsa sun yi yawa. Akwai manhajoji na kyauta da ke tona asiri: H2testw na gwada ko girman da aka rubuta gaskiya ne, CrystalDiskInfo na nuna awowin da ma'ajiya ta riga ta yi aiki, MemTest86 kuma na gwada RAM. Mai gyaran da ya san aikinsa yana da su, mai saye kuma yana da haƙƙin ya ce a gwada a gabansa. Bayan haka, duk takarda mai muhimmanci a riƙa kwafe ta a wata ma'ajiya ta waje kowane mako, a ajiye a wani ɗaki dabam.

Masu cewa gwanjo ya fi

Wani zai ce, me ya kai mutum ga wannan wahala alhali ga kwamfutocin gwanjo na Dell da HP da Lenovo, waɗanda ma'aikatun Turai suka sallama, cike da kasuwa kuma da rahusa? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Waɗannan na'urori an ƙera su da ƙwari, kuma wanda kuɗinsa bai kai na sababbin kaya ba, gara ya sayi irinsu ya sa musu SSD, ya saya musu ondiler, da ya haɗa sabuwa da tarkacen da ba a san asalinsu ba. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata ya sani. Na farko, da yawa daga cikinsu ba sa bin ƙa'idar ATX: akwatin wutarsu da uwar allonsu na gidansu ne kaɗai, in sun lalace sai an sami irinsu sak. Na biyu, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro, in banda ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman ƙwaƙwalwar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsofaffin na'urori ke kwararowa. Wadda ta gaza wannan sharaɗi ba ta zama shara ba, ana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu da LibreOffice, duka kyauta, amma wajibi ne mai saye ya san haka kafin ya biya, farashin kuma ya nuna hakan.

Wani kuma zai ce kwamfutar hannu ta fi, tunda da batirinta take zuwa kuma ba ta shan wuta sosai. Ga mai yawo tsakanin ƙauyuka, ko wanda ya dogara da faifan hasken rana, haka ne. Amma ga biro inda mutane da yawa ke aiki da na'ura guda daga safe zuwa yamma, ta tebur ta fi jure zafi, ta fi sauƙin gyara, ta kuma fi wuyar shiga jakar mai dogon hannu.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa. Kilabiyen da ke shigowa daga Kano tsarin Ingilishi gare shi, wanda haruffansa na farko su ne QWERTY. Takardun hukuma a Nijar kuwa sun fi sauƙin bugawa da na Faransanci, AZERTY, mai ɗauke da é da è da ç. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a jikin ko wanne, amma manhajar Keyman ta kyauta tana ba da damar buga su. Cibiyar da ke shirya littattafan karatun manya ta tabbatar an sa mata wannan tun ranar haɗawa.

Yadda za a kasa kuɗin

Ko jika nawa ne a hannu, ana iya kasa su kashi biyar. Kashi ɗaya na akwatin wuta da ondiler, kuma kada a taɓa shi ko da mai kanti ya yi daɗin baki. Kashi biyu na ƙwaƙwalwa da uwar allo. Kashi ɗaya na RAM da SSD. Na ƙarshe na akwati da ekaran da kilabiye, waɗanda ana iya sayen na hannu ba tare da haɗari ba. Wanda ke duba farashi a intanet ya tuna cewa yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, watau kayan yuro 100 jika 65 ne da ƴan kai, kafin a sa kuɗin jigila da na duwan da ribar ɗan kasuwa. A nemi takardar saye mai ɗauke da sunan kowane kaya da lambarsa da wa'adin garanti.

Wannan magana ta fi nauyi a kan masu sayen kaya da sunan ma'aikata. Takardar oda da ta ce “kwamfuta i7” kawai ta buɗe ƙofa ga ɗan kwangila ya kawo ta 2011 da farashin ta bana. A rubuta zuriyar ƙwaƙwalwa, da yawan RAM, da irin ma'ajiya, da shaidar akwatin wuta, da ondiler, kuma ranar karɓar kaya a buɗe akwati a duba. In na'urar magajin gari ta ƙone, talakan da ya yi tafiyar yini guda don takardar haihuwar ɗansa shi zai koma gida hannu banza. Saboda irinsa ne ya kamata a yi wannan lissafi da kyau tun kafin kuɗi su bar hannu.